Wuyan Kwanso da Taushin Darma: Ƙarfen Buɗa Wuya da Dalilin Rashinsa a Maƙerun Paraku da Jugu

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki wani ɗan ƙarfe da masu sake ɗura harsashi a Amurka da Turai ke buɗa wuyan kwanso da shi kafin su zaunar da ƙwayar darma, ta bi sawunsa har Paraku da Jugu a arewacin Jamhuriyar Benin, inda ga maharba, ga maƙera, ga darma, amma shi ba ya cikin kayan aikin da aka sani. Maƙalar ta bayyana aikin ƙarfen, sannan ta kafa hujja cewa dokokin makamai na zamanin mulkin mallaka ne suka zaɓa wa yankin irin bindigar da ba ta da wuyan da za a buɗa, shi ya sa basirar maƙera ta bi wata hanya.

Gabatarwa

Na san wasu sun ga taken nan a jadawalin taro sun yi murmushi, suna cewa me ya haɗa ɗalibin al'adun Hausawa da kayan ɗurin harsashin Amurkawa. Hoton ƙarfen na taɓa nuna wa wani tsohon maharbi a Jugu, garin da Faransawa ke rubutawa Djougou. Muna zaune a ƙofar gidansa bayan la'asar, bindigarsa jingine da bango, an naɗe wuyanta da fata da layu. Ya karɓi takardar, ya nisanta ta da idonsa, ya juya ta sama da ƙasa, ya ce, “Malam, wannan kuma me yake kashewa?” Na ce, “Baba, ba ya kashe komai, wuyan kwanson harsashi yake buɗawa.” Ya miƙo mini takardata ya ce, “Ashe wanzami ne, mai cire hakin wuya.” Aka yi dariya, aka ci gaba da hirar gada da gwanki. Ni kuwa tambayar da ta biyo ni gida ita ce: mutumin da ya shekara arba'in yana harbi da darma, yaya aka yi bai taɓa buƙatar abin da takwaransa na wata nahiya ke ganin aiki ba ya yiwuwa sai da shi ba?

Kafin in shiga, bari mu daidaita kalmomi, don Bahaushe da harsashi yake kiran kome. A nan, harsashi shi ne abin gaba ɗayansa. Kwanso shi ne gidan tagulla da ke riƙe da albarushi. Ƙwaya ita ce abin da ke fita ya sami dabba. Wuya shi ne ƙunƙuntaccen saman kwanson da ke riƙe da ƙwayar, baki kuma shi ne leɓensa.

Abin da ƙarfen yake yi

Kwanson bindiga mai zane a cikin bututu ana yin sa ne da tagullar da ke da kashi 70 na jan ƙarfe da kashi 30 na tutiya. Da an harba, ƙarfin hayaƙi ya kumbura shi ya manne da ɗakin bindiga, sannan ya ɗan koma, amma ba ya komawa yadda yake da. Wuyan ya saki ke nan, sabuwar ƙwaya za ta faɗa ciki ba riƙo. Don haka mai sake ɗuri ke cusa kwanson cikin wani ƙarfe mai rami, wanda zan kira mamatsi, ya matse shi. Mamatsin yakan wuce gona da iri, sai wani ɗan dunƙule da ke cikinsa ya ɗan buɗa wuyan a hanyar fita, ya bar shi ƙasa da kaurin ƙwaya da kashi 1 ko 2 cikin 1,000 na inci. Wannan ma'auni ƙanƙane ne ƙwarai: kashi 1 cikin 1,000 na inci daidai yake da milimita 0.025, bai kai kaurin gashin kai ba.

Duk wannan tsari an gina shi ne don ƙwaya mai rigar jan ƙarfe, irin wadda Eduard Rubin ya fito da ita a Suwizalan a 1882. Ita mai taurin kai ce, in an danna ta cikin wuya, wuyan ne ke ba da hanya. Ƙwayar da mutum ya zuba da hannunsa a mazubi kuwa tsirara take, kuma mai taushi. A ma'aunin taurin Brinell, zallar darma tana wajen 5. Haɗin da ake kira Lyman mai lamba 2, wato kashi 90 darma, 5 kuza, 5 antimoni, yana wajen 15. Darmar injin buga jarida ta da, wadda ake ce wa lainotayif, tana wajen 22. Dukkansu tagullar wuyan kwanso ta fi su tauri nesa ba kusa ba.

Ga kuma wani ƙarin nauyi. Ita ƙwayar darma dole ta ɗara ramin bututu kauri, don ta toshe shi ruf. Mu ɗauki bindigogin da ake kira masu lamba 30. Faɗin bututunsu har cikin kwarin zane inci 0.308 ne, ƙwaya mai riga ma 0.308 ce. Masu zuba darma kuwa sukan daidaita tasu tsakanin 0.309 da 0.311. Wuyan da mamatsi ya bari a wajen 0.306 ya dace da ta farko, amma ga ta biyu ya zama ƙofar da ta yi wa mai shiga kaɗan, alhali mai shigar ba shi da ƙashi.

Wanda ya taɓa ganin abin ba ya mantawa. Ana danna ƙwayar, sai leɓen kwanso ya fere gefenta, wani siririn zobe na darma mai ƙyalli ya naɗe a bakin kamar yankan farce, man da aka cusa a kwarin ƙwayar ya tattaru a waje. Wannan ɓarnar da ido ke gani ke nan, kuma ita ce mai sauƙi. Wadda ba a gani ta fi muni: wuyan ya matse gindin ƙwayar ya rage mata kauri, ta yadda wadda ta shiga tana 0.311, in aka zare ta aka auna, sai a tarar ta rame. Ko kuma ta shiga a karkace tun farko, ta zauna a haka. Idan aka harba ramammiyar ƙwaya, zazzafan hayaƙi ya sami hanya ta gefenta, ya kankare darma ya shafe cikin bututu da ita. Bayan harbi kaɗan saiti ya lalace, mai bindiga ya kama zargin mazubi, ko albarushi, ko idonsa, alhali tun a kan teburi aka yi ɓarin.

Maganin shi ne ƙarfen buɗa wuya, kuma iri biyu ne, sun kuwa bambanta fiye da yadda masu sayarwa ke nunawa. Na farko tsinke ne mai siffar mazurari, kamar wanda kamfanin Lee ke yi don ya yi wa kowane kwanso aiki. Leɓe kawai yake banƙarewa kamar bakin kakaki. Yana hana fira, amma cikin wuyan na nan da matsinsa, kuma ƙwayar na iya tangaɗi a kan bakin kafin a danna. Na biyu shi ne mai hawa biyu, wanda ya shahara da sunan M na kamfanin Lyman. Hawan farko dogo ne, yana shiga wuyan duka ya buɗa shi ya bar shi ƙasa kaɗan da kaurin ƙwaya, yadda zai riƙe ba tare da ya murƙushe ba. Hawa na biyu gajere ne, yana buɗa wajen kashi 1 cikin 16 na inci daga baki, ya ɗan ɗara ƙwayar faɗi. Sai a sami 'yar kujera da gindin ƙwayar ke zama a kai a miƙe, har mutum ya iya sa ta da yatsa ya saki ba ta faɗi ba. A ganina na biyun shi ne ya fahimci matsalar, na farko rabinta ya gani. Shi ya sa ma wasu ƙananan masana'antu irin su NOE ke sassaƙa tsinkaye masu hawa a ma'auni daban-daban, waɗanda ake sakawa cikin gidan na Lee, kowa ya zaɓi wanda ya dace da ƙwayarsa.

Shi ma maganin yana da nasa ciwon. Tagulla na ƙara tauri duk lokacin da aka lanƙwasa ta. A matse, a buɗa, a rufe bakin bayan ƙwaya ta zauna, a harba, a sake: ba a jima ba leɓe ya tsage. Wanda ya zarce wajen buɗawa kuma harsashinsa ya ƙi shiga ɗakin bindiga. Masu abin sukan gasa wuyan lokaci-lokaci don ya yi laushi, dabarar da kowane maƙerin farfaru a Kano ko Bida ya sani tun yana yaron maƙera.

Abin da nake so a riƙe daga wannan sashe shi ne cewa ƙarfen buɗa wuya warware ɗaurin mamatsi yake yi. Inda ba a matse ba, babu abin buɗawa. Kuma yana rayuwa ne cikin dangi: injin dannawa, mazubi, ma'aunin da ke karanta kashi ɗaya cikin dubu, da kasuwar da ke sayar wa farar hula hular gindin kwanso da albarushi a fili. Wannan dangi a Amurka ya girma. John Barlow ya kafa kamfanin Ideal a New Haven a 1884 yana sayar da kayan ɗuri na hannu, Lyman ya saye shi a 1925, RCBS ya zo a 1943, Lee a 1958.

Hanyar goro

Paraku da Jugu ba baƙin Bahaushe ba ne. Ayarin fatake da ke tashi daga Kano da Sakkwato zuwa Salaga a ƙasar Gwanja don sayen goro ta ƙasar Bargu suke ratsawa, su yada zango a Nikki ko Paraku, su wuce Jugu, inda unguwar Wangara ta 'yan kasuwa ke gefe guda, fadar sarki a Kilir ke gefe guda. Paul Lovejoy ya yi cikakken nazarin wannan fatauci a littafinsa na 1980. Har gobe Dandanci ne harshen kasuwa a garuruwan biyu, Hausa na biye da shi a zango da tasha da wurin mahauta. Tsakaninsu tafiyar kilomita kusan 135 ce.

Bindiga ta biyo waɗannan hanyoyi daga bakin teku. Masanin tarihi Joseph Inikori ya ƙiyasta cewa tsakanin 1750 da 1807 bindigogi 283,000 zuwa 394,000 ke shiga Afirka ta Yamma kowace shekara, akasarinsu masu ƙyastu, ƙirar Birmingham da makamantanta. Amma kaɗan ne ke haurowa arewa, domin masarautun kudu irin su Dahome da Asante ba sa son makami ya wuce su. Bargu ta yi suna ne da doki da kibiya mai dafi, kuma madugai sun fi tsoron dafin nan da ƙarar bindiga. A ƙasar Hausa ma, kamar yadda Joseph Smaldone ya nuna a nazarinsa na 1977 kan yaƙi a Daular Sakkwato, sai a ƙarshen ƙarni na 19 rundunonin 'yan bindiga suka yi ƙarfi.

A daidai wannan lokaci ne kwanson tagulla ya iso yankin, kuma abin lura, da ƙwayar darma ya iso. Bindigar Gras ta Faransa ta 1874, mai faɗin milimita 11, ƙwayarta darma ce naɗe da takarda. Haka Martini-Henry ta Ingila. Samori Ture ya sayi irin waɗannan ta Saliyo, maƙeransa suka riƙa gyara su har da ƙera kwafinsu, mayaƙansa kuma na tsince kwanson da aka harba a mayar a sake ɗurawa. Masanin tarihi Yves Person ya rubuta wannan dalla-dalla. Ke nan sake ɗura kwanso da ƙwayar darma an yi shi a Afirka ta Yamma, da hannun maƙeran Afirka, a shekarun da Barlow ke tallar kayansa a Amurka.

A irin wannan aiki buƙatar buɗa wuya ba ta tasowa sosai. Kwanson da aka harba ya riga ya buɗe da kansa, kuma in zai koma bindigar da ya fito, ko mai ɗaki irin nata, ba dole a matse shi ba. Baƙin albarushi na cika kwanso har wuya, ƙwayar ta zauna a kansa, takardar da aka naɗa mata ta cike giɓi ta kuma kare ta daga leɓe. Masu harbin gasa da tsofaffin bindigogin baƙin albarushi a yau ma da yawa haka suke yi, da babban yatsa suke zaunar da ƙwaya. Matsalar wuya ta tsananta ne bayan Paul Vieille ya samar da albarushi marar hayaƙi a 1884, aka yi bindigar Lebel a 1886, ƙwaya ta ƙanƙance ta sa riga, kayan ɗuri kuma suka koma bin ma'auninta. Mai darma ya zama baƙo a gidan da aka gina don wani.

Shekarar 1890

A nan ne hanya ta rabu. Ranar 2 ga Yuli 1890 ƙasashen Turai da wasu suka sa hannu a Yarjejeniyar Brussels. An yi ta da sunan yaƙi da cinikin bayi, amma sassanta na makamai sun shata yanki daga digiri 20 arewa zuwa digiri 22 kudu, suka hana sayar wa mutanen ƙasa bindiga mai zane ko mai ɗuri ta gindi, da harsashinta. Abin da aka bari shi ne bindiga mai ƙyastu marar zane da albarushin kasuwa. Paraku da Jugu na tsakiyar wannan yanki.

Abin da ya biyo baya sananne ne, ba sai na daɗe a kai ba. Behanzin na Dahome ya sayi bindigogin zamani daga 'yan kasuwar Jamus, duk da haka sojojin Faransa ƙarƙashin Dodds suka shiga Abome a Nuwamban 1892. A 1894 Lugard na Ingila da Decoeur na Faransa suka yi tseren isa Nikki, a 1898 Ingila da Faransa suka raba Bargu biyu, a shekarar ce kuma aka kama Samori. Lokacin da Bio Gera na Bargu ya yi tawaye a 1916 kan aikin tilas da ɗibar soja, kwari da baka ne mafi yawan makaman mutanensa, aka kashe shi a Disamban shekarar. Gunkinsa na tsaye a Paraku yau. Yarjejeniyar Saint-Germain ta 1919 ta sabunta takunkumin. Jirgin ƙasa ya iso Paraku daga Kwatano a 1936, tafiyar kilomita 438, ya kawo gishiri da kananzir da atamfa, amma bindiga mai zane ta ci gaba da zama ta soja da Bature mai farautar giwa da ɓauna.

Daga baya aka sassauta wa sarakuna da ma'aikata da tsofaffin soja su mallaki bindigar farauta marar zane da izini. Nan ne mai lamba 12 ta samu shiga, irin su Simplex ta Saint-Étienne, daga baya Baikal ta Rasha. Sunan lamba 12 ma daga darma ya fito: in aka raba laba ɗaya ta darma gida 12 aka mulmula, kowane dunƙule ya yi daidai da bututun, wato wajen milimita 18.5.

To a dubi abin da ya rage a hannun maharbin Paraku da Jugu. Bindigar toka, wadda muke yi wa laƙabi da harba-ka-ruga, ba ta da kwanso sam. Mai lamba 12 tana da kwanso, amma na kwali ne ko roba, miƙaƙƙe, ba wuya, kuma naɗe bakinsa ake yi a kan ƙananan ƙwayoyi. Babu ɗaya cikin biyun da ke da wurin da ƙarfenmu zai shiga. Sama da shekara ɗari da talatin ke nan doka na tace abin da zai iso maƙera.

Yadda aka amsa tambayar a nan

Tambayar asali dai ba ta gushe ba: yaya abu mai taushi zai toshe bututun ƙarfe har hayaƙi ya tura shi maimakon ya wuce shi? Ba'amurke ya amsa da ma'auni. Claude Minié na Faransa ya amsa a 1849 da ƙwaya mai rami a gindi, wadda ke shiga a sake ta kumbura in an harba. Maharbin Jugu ya amsa da toshi. Na kalli tsohon nan yana shirin fita. Ya yagi wani busasshen zare mai laushi ya murza a tafin hannu, ya cusa, ya bi shi da sandar ɗuri yana dannawa yana sauraro, kai ka ce mai gwada tukunya ne a kasuwa. Da ya gama ya dafa yatsunsa a kan abin da ya rage na sandar a waje, ya gyaɗa kai. Na ce, “Baba, da me ka san ya isa?” Ya ce, “Ita take faɗa mini. In ta yi ƙarya, kafaɗata ta sani.” Toshin nan shi ne wuyan kwansonsa, shi ne takardar Gras ɗinsa. Yana cike giɓi ko wane iri ne, shi ya sa bindigar ke cin duk abin da aka ba ta.

Kada a ɗauka yabo nake yi ba ƙaidi. Dabarar da ke karɓar kome ba ta da tabbas a nesa, dole maharbi ya matso, kuma a nan ne sanɗa da sanin iska da haƙuri suka zama ilminsa na gaske. Mafi muni, bututun da ba a gwada ƙarfinsa ba yakan fashe. Duk wanda ya zauna da maharba ya ga hannu mai yatsa uku. A Birmingham tun 1813 akwai gidan gwajin bututu da doka ta kafa, a Liyej ta Beljiyam ma akwai. Maƙerin da ke aiki a ɓoye ba shi da inda zai kai nasa.

Batun cewa hannun ne bai iya ba, wannan kam ban yarda ba. A Paraku, garin da babura suka yi wa yawa, na tsaya wurin wani mai injin sassaƙa ƙarfe yana yi wa wani ɗan kabu-kabu gidan boris. Ya auna da ma'auninsa mai zamiya, ya sassaƙa ramin ya bar shi ƙasa da boris ɗin da ɗan abin da ido ba ya gani, sannan ya karkata wuƙar ya ɗan fere bakin ramin. Na tambaye shi dalilin firar. Ya ce, “Malam, in ba ka yi masa ƙofa ba, a karkace zai shiga, ya ci gidan.” Wannan jimla ita ce duk ilmin ƙarfe mai hawa biyu: matsi a ciki, ƙofa a baki. Mutumin bai taɓa jin sunan Lyman ba, kuma ba shi da dalilin ji.

Doka da darma a yau

Ba kira nake a shigo da kayan ɗuri ba, kada a fahimce ni a baibai. Benin na cikin Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai da aka sa wa hannu a Abuja ranar 14 ga Yuni 2006, wadda ta haɗa har da harsashi da kayan haɗa shi, kuma ta nemi a yi rajistar masu ƙira na gida. Ƙasar na da hukumarta ta yaƙi da yaɗuwar ƙananan makamai, da dokar makamai mai lamba 2019-07. Ga halin tsaro a dazuzzukan Pendjari da W, ga abin da ya faru a garuruwan Caworu da Save a 2019 da 2021, inda aka yi arangama tsakanin jami'an tsaro da mutanen da aka bayyana da maharban gargajiya. A irin wannan yanayi, duk mai hankali ya san inda gwamnati za ta tsaya, kuma tana da hujja.

Sai dai akwai ɓangaren da dokar makamai ba ta kallo, shi ne ita darmar kanta. Tana narkewa a digiri 327, zafin da murhun gawayi ke kaiwa cikin sauƙi, shi ya sa ake narka ta a tsakar gida, kusa da tukunyar tuwo, yara na wasa a gefe. Mafi sauƙin samunta kuwa tsohon batirin mota. Masu zuba ƙwaya a Amurka, duk da son arharsu, suna gargaɗin juna da a guji darmar batir, saboda dattin da ke tasowa a kanta na iya fitar da iska mai guba in ya jiƙe. Mun san abin da darma ta yi a unguwar Thiaroye ta Dakar, inda yara 18 suka mutu tsakanin 2007 da 2008 sanadin fasa batir, mun kuma san na Zamfara a 2010, inda aka rasa yara wajen 400, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. A Benin ɗin kanta, binciken da Florence Bodeau-Livinec da abokan aikinta suka wallafa a 2016 kan yara ƙanana a yankin Allada ya sami fiye da rabinsu da darma mai yawa a jini, kuma cin naman dajin da aka harbe da darma na cikin abubuwan da aka danganta da hakan. Allada kudu take. Paraku da Jugu kuwa su ne ke maƙwabtaka da dazuzzukan Wari-Maro da na saman kogin Weme, kuma da rani naman daji ba ya yankewa a kasuwanninsu.

Ba'amurke na damuwa da ɗan zoben darmar da leɓen kwanso ya fere don zai ɓata masa saiti. Mu abin da ya kamata ya dame mu shi ne ɓarɓashin da ya tarwatse cikin cinyar gada ya shiga miya. Mahauci na iya yanke kewayen raunin ya zubar, mai narki na iya fita bayan gari ya ware tukunyarsa. Waɗannan ba sa buƙatar sabuwar doka, sai dai a faɗa da Dandanci da Batonu da Hausa, ta bakin sarakunan maharba, a gidajen rediyon da mutane ke saurare.

Roƙona na ƙarshe ga abokan aikinmu na Jami'ar Paraku ne, wadda aka kafa a 2001, da sassan Hausa da tarihi na Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai. Tsofaffin bindigogi da mazuban darma da kwansunan da ke gidajen sarauta da gidajen tarihi, daga na Paraku har na Abome, a auna su da ma'auni, a rubuta faɗin wuya da na bututu, a duba ko akwai alamar an sake ɗura su. Maƙeran da suka gaji aikin bindiga kuma a zauna da su da rakoda, da izinin hukuma, a ɗauki sunayen da suke kiran kowane ƙarfe da kowane mataki. Tsohon da ya kira ƙarfen nan wanzami ya haura saba'in, 'ya'yansa maza duka babur suke tuƙawa.